Reshen Da Ya Koma Kore

A Boskoop ƙasa baƙa ce, mai laushi,
in ka taka ta sai ta tsatso ruwa.
Nan Aaltje ta dasa shi, shekara tara ke nan,
tsakanin dakalin ƙofa da inda nake jingine keke.
Ta ce, "Krijn, wannan ba zai wuce gwiwarka ba."
Bai wuce ba.
Ita ce ta wuce.

Ganyensa ƙanana, kamar farcen babban yatsa,
tsakiya kore, gefe fari fat,
sai ka ce an tsoma bakin kowanne a madara
an rataye shi ya bushe.
In sanyi ya kankama farin yakan yi ja-ja,
kamar kunnen yaron da ya daɗe a waje.

Ba ya son ranar tsaka, tana babbake masa farin.
Ka kai shi can cikin inuwa, ya dushe, ya yi fushi.
Ruwa kuwa, a garin da ruwa ke bin mutum har ƙofar ɗaki,
hana shi ne aikin.
Na tona, na shimfiɗa tsakuwa a ƙarƙashin saiwa
don kada ƙafarsa ta kwana a jiƙe.
Aaltje takan ce halinmu ɗaya, ni da shi.

Watan Maris, taki cikin tafi guda, kada a ƙara.
In darɓa ta sauka, ruwan sabulu da haƙuri.
Daren da magudanar bayan gida ta daskare
na lulluɓa masa tsohon buhu, na danne da bulo biyu,
maƙwabcina Teunis na leƙe ta taga yana murmushi.
Nasa ya mutu a wannan shekarar. Ban ce komai ba.

To bana, daga gindi, ta ɓangaren gabas,
wani reshe ya ɓullo kore shar,
ba ɗigon fari ko na magani.
Ga kauri, ga sauri.
Sati uku ya kere 'yan'uwansa da taƙi guda,
yana rawar kai a iska shi kaɗai.

Na ɗauko almakashi, na durƙusa da ƙyar.
Merel, jikata, tana zaune a dakali tana cin burodi da cuku.
Ta ce, "Kaka, ai wannan ya fi sauran lafiya."
Na ce gaskiyarki.
Farin nan ba ya cin rana, kore ke ciyar da shi,
kwalliya ce da sauran ganyen ke biyan kuɗinta.
Wannan kuwa ya tuna asalinsa.
In na ƙyale shi, damina biyu ya cinye gidan,
a wayi gari itacen kakarki ya zama kamar na kowa.

Ta ce, "To laifinsa mene ne?"

Na nemi amsa a aljihu, ban samu ba.
Na bi reshen da yatsa har inda ya fito,
na datse shi can ƙasa, dab da uwar,
don in ka bar masa ido ɗaya sai ya dawo da biyu.
Ƙas.
Wurin ya yi fari, ya ɗan jiƙe.

Ba ta bari ya kai kwandon shara ba.
Ta tsige ganyen ƙasa, yadda ta ga ina yi,
ta cika gwangwanin wake da ƙasar lambu,
ta huda gindin da ƙusa,
ta ajiye a tagar kicin, kusa da tukunyar shayi,
ta hau kekenta ta tafi.

Yau kwana talatin da ɗaya.
A waje ɗan itacen Aaltje ya koma dunƙule,
fari da kore, daidai gwiwa.
A taga kuma ɗan tawayen ya fid da toho biyu.
Ban yi wa kowa alkawarin kula da shi ba.
Sai dai kowace safiya, kafin ruwa ya tafasa,
nakan juya gwangwanin kaɗan
don ɗaya gefen ma ya sami haske.